Malam Kusan Ya Kwanta a Bayan Katangarsa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Rajab, wadda masu kalandar boko suka ce ita ma sha huɗu ce ga Janairu, Allah Ya karɓi ran Malam Musbahu Lawan, malamin lissafi a jami'a, ɗan unguwarmu da ke bayan masana'antun Challawa. Jinyar ba ta yi tsawo ba, shi ma kansa bai cika arba'in ba. Ina zaune a ƙofar masallaci bayan azahar ƙanin matarsa ya zo ya durƙusa a gabana. Sai ya miƙo mini karan dawa, irin wanda ake auna tsawon mamaci da shi a kai wa masu haƙa. Na dubi tsawon karan, na dubi wanda ya kawo shi, na san ko na wane ne.

Sunana Mamman, ana ce mini Ɗan'auta duk da gemuna ya yi fari fat. Ni nake nuna wa masu haƙa inda za su sara a tsohuwar maƙabartarmu. A nan ba ma rubuta suna a kan kabari, ba ma gina shi. In 'yan damina suka wuce tudun ya kwanta, ƙasa ta koma ɗaya, to sai a ka ake riƙe wane ne yake ina. Wajen kawuna na gaji wannan aiki. Ban yi boko ba, ban kuma taɓa jin na yi asara ba. 'Yata Zuwaira ce take rubuta wannan ina faɗa mata, na kuma ja mata kunne kada ta gyara mini magana.

Musbahu, da kai nake. Sauran jama'a su saurara.

Na san ka tun kana goye. Mahaifinka Lawan ya zo daga wajen Gumel neman aiki a kamfanin fata, ya kama ɗaki a gidana, shi da mahaifiyarka Ladidi. Mutum ne mai shiru. In ya taso daga aiki warin jima yana rigansa shigowa gida, sai ya tsaya a zaure ya wanke hannu har sau uku kafin ya ɗauke ka. Ruwan maganin da suke jiƙa fata da shi ya ci hannuwan nan a hankali, har aka kai lokacin da ba ya iya murza tuwo. Na sha leƙowa in tarar da kai, kana saurayi ɗan sakandare, kana ba shi a baki, kana yi masa hirar makaranta don kada ya ji nauyi. Da ya cika, ni na nuna makwancinsa a kudancin maƙabarta, gefen da muke sa baƙin da aiki ya kawo: mutanen Jigawa, mutanen Damagaram, duk wanda ajalinsa ya riske shi nesa da gida.

Da ka shiga jami'a aka ce lissafi kake karantawa, na ce madalla, ko banza lissafi ba ya ƙarya. Biyu da biyu huɗu ne ko a Makka. Sai wani hutu na tambaye ka wane iri ne naka, ka ba ni amsar da ta ɓata mini rai.

Ka ce, “Baba, akwai tambayoyin da ko malamin malamai ya zauna da biro har ya tsufa ba zai fitar da amsarsu cif ba. Mu abin da muke koyo shi ne yadda za a kusance ta. A fara da kintace, a gwada, a ga inda ya kauce, a gyara, a sake gwadawa. Kowane karo ana matsawa kusa. In an tsaya kuma, a faɗi iyakar nisan da zai yiwu ya rage.”

Na ce, “Wato Lawan ya ba da hannuwansa don ka je ka koyi kusan? Mutum ko dai ya sani, ko ya ce bai sani ba ya yi shiru.”

Tun ranar na sa maka suna Malam Kusan. Ya bi ka har teburin mai shayi, har ma'aikatan da ke sauka daga motar Sharada da yamma suna ɗaga maka hannu da shi. Ba ka taɓa nuna ya dame ka ba. In na ce, “Malam Kusan, ka ci abinci?” sai ka ce, “Kusan na ƙoshi, Baba.”

Wata rana ka raka ni maƙabarta ana haƙa. Ka ga na shimfiɗa karan awo a ƙasa, na ɗora hannu a ƙarshensa na ƙara taƙi ɗaya, wato tazarar babban yatsa zuwa na tsakiya, kafin in ce a sara. Da muka fito ka tambaye ni dalili. Na ce saboda mai awo yana yi ne hannunsa na rawa, kara kuma ba ya miƙewa sarai, ba kuma a so a zo sa mutum a tarar wuri ya yi kaɗan. Ka yi murmushi ka ce, “To Baba, wannan taƙin da kuke ƙarawa, shi na je karantawa. Ku da hannu kuke yi, mu muna neman sanin taƙi nawa ya kamata a ƙara, kada ya gaza, kada kuma a yi ɓarna.” Na ce maka kada ka haɗa aikin lahira da wasan 'yan makaranta. Ka ce to. Amma maganar ba ta bar kunnena ba.

Ba zan iya ƙirga alherinka ba. Kai ka ɗauke ni a babur zuwa asibitin ido lokacin da yanar ido ta rufe mini gani, ka zauna a benci tun safe kana kore mini tsoro da labarin ɗalibanka. Ranakun Asabar kuwa zauren gidana ya zama aji, 'ya'yan ma'aikata cike, wasu tun daga Bompai iyayensu ke turo su, ba ka taɓa karɓar ko goro ba. Na lura in yaro ya kawo amsa ba daidai ba, ba ka cewa ya faɗi. Sai ka ce, “Ka yi kusa. Ta ina ka kauce?” Amma abin da ya sa na ce lalle sai an rubuta wannan takarda shi ne maganar kwazazzabo.

Wanda bai san wurin ba, ga yadda yake. Ruwan da ke fitowa daga lambatun masana'antu yana haɗuwa da na sama ya gangaro ta yammacin maƙabartarmu zuwa kogi. Ina yaro hanya ce da ɗan akuya ke tsallakewa. Yau rami ne da zai haɗiye gida har da rufinsa. Shekarun baya kaɗan ya gutsuri kusurwar kudu, ƙasusuwan bayin Allah suka bayyana a fili. Mu muka sauka muka tattara su a farin ƙyalle muka sake binnewa. Na san ko su wane ne, ban faɗa wa 'ya'yansu ba. Duk wanda ya ga wannan rana ba ya fatan ganin irinta.

Bayan an yi ta kai-kawo, wasu masu kamfani suka yi alkawarin duwatsu da siminti a gina katangar da za ta tare ruwa. Sai dai abin da suka bayar gefe ɗaya kawai zai isa. Ni ban ga abin shawara ba. Na ce a gina a kudu, inda ramin ya fi matsowa, inda kowa yake gani da idonsa. A maƙabarta kuwa in na yi magana an gama. Ga shi kuma a layin da ke fuskantar ramin Lawan yake kwance.

Kai ka zo ka durƙusa ka ce in ba ka lokaci ka duba. Ka kawo ɗalibanka da igiyar awo, kuka bi ramin tun daga bakin lambatu har kogi, kuna ɗiban ƙasa a leda. Sannan ka zaunar da ni ka ce kana bukatar abin da ke kaina: ina bakin ramin yake a da. Na kai ka na nuna maka. Shekarar da madatsar Bagauda ta ɓalle, nan yake wajen kututturen tsamiya. Shekarar da rana ta yi kusufi da hantsi, ya iso wajen dutsen can.

Ka ce, “Baba, daidai kututturen, ko zai yiwu gaba kaɗan ko baya kaɗan?”

Na ce, “Ni kake tambaya ko zai yiwu? A nan akuyata ta faɗa, da hannuna na ciro ta.”

Ka ce, “Na yarda da ku. Amma akuya ma tana da tsawo, Baba. Kanta ne a bakin ramin ko bindinta?”

Ɗalibanka suka ƙunshe dariya, ni kuwa na juya na tafi gida. Washegari ka zo da ƙosai mai zafi, muka koma. Na ƙi rage ko taku ɗaya daga abin da na faɗa. Kai kuma ka rubuta maganata yadda take, ka ajiye mata ɗan fili gaba da baya, kana ganin ban lura ba.

Ka nuna mini yadda aikin yake a kwamfuta. Ka yanka filin nan gaba ɗaya ƙanana-ƙanana, kamar fangalin lambu. Kowane fangali a tambaye shi: ruwa nawa ya shigo maka, nawa ya fita, ƙasa nawa ya ɗauka ya miƙa wa maƙwabcinka. In an zagaye duka, damina ɗaya ke nan, sai a ɗora ta gaba a kanta. Ka ce za ka fara daga shekarar Bagauda ka tura zuwa yau. In ramin cikin kwamfuta ya zo ya tsaya inda na gaske yake tsaye, to za a iya amince masa ya faɗi gobe.

Karon farko raminka ya bi ta tsakiyar masallaci ya fita ta rumfar mai shayi. Na yi dariya har da tari, na bi unguwa ina ba da labari. Kai cewa ka yi, “Alhamdu lillahi, yanzu mun san inda ba ya bi.” Ka gano ƙasar arewa ta fi yashi fiye da yadda ka saka, ka gyara, ka ƙara ƙanƙanta fangalin, ka sake. Ramin ya bar masallaci. Ka sake, ya matso. Haka ka yi ta yi, rani yana tafiya, ina yi maka gorin cewa damina ba ta jiran ɗan boko, har ranar da na duba na ga ramin kwamfutar ya bi ta kututturen tsamiya, ya bi ta dutse, ya zo ya tsaya kusan inda muke tsaye. Daga ranar na daina dariya.

Aka taru a ƙofar gidan mai unguwa. Ka miƙe ka ce kada a gina a kudu. Ka ce a arewa za a gina, wajen kuka, inda a lokacin ramin yake nesa, ko tsagewa babu. A can ruwa yake yin kwana, yana cin yashi ta ƙarƙashi. In aka tare kudu aka bar can, wata damina zai fasa ta arewa ya raba maƙabarta biyu, ya bar katangar tana gadin iska.

Sai Sagir, shugaban kwamitin unguwa, wanda ya sha wahalar neman duwatsun nan, ya ce, “Malam, ka tabbata? Ka ce mana ka tabbata, mu bi ka mu huta.”

Ka ce, “Ba zan ce ba, Yaya Sagir, don ban tabbata ba. Abin da na samu, zai fasa ta arewa tsakanin damina biyu zuwa huɗu. Ya fi kusa da biyu.”

Sai na tashi. Na ce, “Musbahu, da hannuna na sa ubanka a kudu. In aka bi maganarka, me zai same shi?”

Ka sunkuyar da kai. Sannan ka ce, “Kudu zai ci gaba da zaizaya, Baba, amma a hankali. Cikin kashi goma, bakwai layinsu zai tsira. Ukun ban sani ba.”

Da ka ce goma cikin goma, babu mai iya ƙaryata ka a wurin, don babu wanda ya san abin da ke cikin kwamfutar sai kai. Da kuma ka yi shiru tun farko, katanga tana gaban kabarin mahaifinka, kowa ya ce ka kyauta. Amma ka tsaya a gaban jama'a ka faɗi ukun nan da bakinka. Na dube ka na ga Lawan yana wanke hannu a zaure.

Na ce wa taro, “Ni dai ban yarda ba. Idona kudu yake nuna mini. Amma yaron da zai bar ubansa a bakin ruwa don ya tsare iyayen wasu ba yaudararmu yake yi ba. Na janye.” Aka gina a arewa. Har aka gama ina wucewa ina tsaki, kai kuwa kana cikin masu ɗaukar dutse, malamin jami'a guda, wandonka naɗe zuwa gwiwa.

Daminar da ta wuce kowa ya san irin ruwan da aka yi. Akwai ranar da aka fara tun safe ba a ɗauke ba sai bayan la'asar. Ana ɗaukewa na ɗauki sandata na nufi maƙabarta, na tarar ka riga ni. Ruwa ya daki katangar arewa har ya bar shaida sama da ƙuguna, ya kwashe yashin gabanta kaf, ita kuwa tana nan tsaye. A bayanta mahaifiyata take, da matata Atika, da kawun da ya koya mini aikin nan, da iyayen yawancin waɗanda suka zauna a taron. Na dafa dutsen.

Muka gangara kudu. Ramin ya ci, ya ci sosai. Tsakaninsa da Lawan bai wuce tsawon tabarma ba. Ka tsaya ka ɗaga hannu ka yi masa addu'a, ka share fuska da hularka. Sannan ka zaro igiyar awo daga aljihu ka miƙo mini bakinta in riƙe. Ka ce, “Ya ci fiye da yadda na fi zato, Baba, amma bai fita daga abin da na faɗa ba. Zan saka wannan in sake.” A makon ka samo kashe-kwari ka dasa a duk bakin ramin don saiwarsa ta riƙe ƙasa. Ka kuma kafa turaku a jere, can ciki nesa da bakin, ka roƙe ni kada in ƙara nuna wa kowa makwanci a kudu da su. Na ce turakun sun shigo ciki da yawa, an ɓata fili. Ka ce, “Taƙin ne, Baba.”

To ranar Talata ga ni riƙe da karanka a ƙofar maƙabarta. Mahaifiyarka ta aiko cewa tana roƙo a sa ka kusa da mahaifinka. Akwai wuri kuwa, na san shi, daidai gefensa. Sagir ya ja ni gefe ya ce, “Baba, uwa ce ta roƙa. Mutum ɗaya ne.” Na ce, “Ɗanta ya hana.” Ya ce ai yanzu ba ka nan. Na ce shi ya sa. Mutane sun daɗe suna cewa ina da taurin kai, ranar dai ya yi amfani. Tun dare bai yi ba na je na durƙusa a ƙofar ɗakin Ladidi na yi mata bayani. Ta yi kuka, sannan ta ce haka kake tun kana yaro, ba ka cewa abu ya cika in bai cika ba.

Na kai masu haƙa arewa, bayan katangarka, gindin kuka. Wuri ne da na daɗe ina kewaye shi in ana neman makwanci, ina fatan in Allah Ya so ni za a sa. Babban cikinsu ya ɗaga diga ya yi tambayar da suke yi kullum: “Baba, nan babu kowa?” Tun da na karɓi aikin nan amsata kalma ɗaya ce, babu. Ranar sai na ji bakina yana cewa, “A iya sanina babu. Amma ku matsa kamu ɗaya, ko da na kauce.” Suka dubi juna, suka matsa. Na shimfiɗa karanka a ƙasa, na ɗora hannu a ƙarshensa na ƙara maka taƙi. Hannun yana rawa, sai na ƙara rabin wani.

Allah Ya jiƙanka, Musbahu. Allah Ya gafarta maka, Ya yalwata makwancinka, Ya haskaka shi, Ya tsare shi daga ruwa da zaizaya kamar yadda ka tsare na iyayenmu. Allah Ya sa karatun da ka koyar a aji da wanda ka koyar a zaurena su zama sadaka mai gudana. Allah Ya haɗa ka da Lawan a inda babu rami tsakaninku.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarka Ladidi, da matarka Aina'u, da 'ya'yanka Nafisa da Muhsin, da danginku na Gumel, da abokan aikinka na jami'a, da duk mutanen unguwarmu. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya raya abin da ya bari, Ya sa in tamu ta zo mu cika da imani.

Ɗalibansa kuma, ku ji. Kashi ukun nan da ya ce bai sani ba suna nan, damina kuma tana tafe. Ku zo da igiyarku bayan kowane ruwa, ku auna, ku saka, ku sake, yadda ya koya muku. Za ku same ni a kudu wajen Lawan, zan riƙe muku bakin igiyar. In kun tambaye ni ko gaba kaɗan ne ko baya kaɗan, ba zan yi fushi ba.

Ya Allah, Kai kaɗai ne saninKa babu kusan a cikinsa. Bawanka Musbahu bai taɓa ɓoye ragowar abin da bai sani ba. Ka cika masa abin da ya rage da rahamarKa. Amin.